Ranar da Na Ɗebo Aljanin Rijiyar Iya Hansai a Tulu

Ku da kuke cewa haƙar rijiya ai rami ne kawai, wanda ya iya haƙa masai ya iya ta, ku matso ku zauna. Ku ajiye wayoyin nan, ba gudu za su yi ba. Ɗazu na ga ɗayanku ya ɗaura igiya a ƙugu zai zura ƙafa cikin tsohuwar rijiya, na ce ina fitila, ya dube ni yana dariya wai, "Haba Baba Sale, da rana tsaka?" To, da rana tsakar. Ni a cikin ramukan Kazaure da Roni da Gwiwa har Babura na yi furfura, kuma ban taɓa shiga rijiyar da fitila ba ta riga ni shiga ba. Shi ya sa nake zaune a nan ina ba ku haushi.

Aikin farko da na yi a hannun maigidana Malam Ilu, a bayan Roni ne, inda ƙasa take yi maka fara'a a sama, ka yi ƙasa kaɗan ka tarar dutse ya haɗe rai. A shekarar ko dagi bai bar ni na taɓa ba. Aikina jan bokitin ƙasa, da zubarwa nesa da bakin rami, da shan zagi in ɗan tsakuwa ya suɓuce ya faɗa masa a ka. Kayanmu ba su da yawa: dagi, da diga mai gajeriyar ƙota don ta juyu a cikin ƙunci, da guduma da ƙusar fasa dutse, da ƙugiya, sai igiya. Igiyar nan kullum da safe sai ya bi ta da yatsa daga wannan baki zuwa wancan, in ya ji wuri ya yi laushi ya yanke ba shawara. A wajensa na koyi cewa ƙasa kala-kala ce. Marmara tana riƙe kanta, yumɓu yana manne maka a ƙafa kamar ɗan goyo, yashin wajen Babura kuwa munafuki ne, kana haƙa yana zubowa ta bayanka, in ba ka sa zoben siminti da wuri ba shi zai rufe ka.

Amma abin da Malam Ilu ya yi suna da shi a ƙauyukan nan shi ne sallama ga masu gida, wato aljanun rijiya. Duk tsohuwar rijiyar da aka kira mu yasa, sai ya kori mutane baya, ya kunna fitilar ƙwai, ya ɗaura mata siririyar igiya, ya zura ta a hankali yana motsa baki. In ta kai ƙasa tana ci, ya ce masu gida sun amsa, a shiga. In ta mutu a hanya, ya girgiza kai ya ce, "Masu gida ba sa son baƙi yau." Daga nan a saro rassan darbejiya a ɗaure su dami, mu yi ta zurawa muna jawowa har kafaɗa ta mutu, wai share musu ɗaki muke yi. Mutane su tsaya can nesa suna salati. Ni kuwa abin da yake karantawa nake so in samu, don na ɗauka nan asirin yake. Ran nan na lallaɓa na kai kunne kusa da bakinsa. Wallahi mita yake yi a kan tuwon da aka kawo mana jiya babu man shanu.

Da muka keɓe na ce, "Malam, ashe ba addu'a ba ce?" Ya ɗaga min hannu kamar zai kai mari, sai kuma dariya ta ƙwace masa. Ya ce, "Kai dai zura fitila. In na ce wa mutanen nan iskar cikin ramin ce ta lalace, sai wani ƙato ya ce shi ƙirjinsa ƙarfe ne, ya faɗa. In na ce masu gida ne, ko mai gari ba ya yi min musu." Na ce to me yake lalata iskar? Ya ce oho, shi ma maigidansa bai gaya masa ba, kuma in tashi in wanke bokiti.

Amsar sai bayan rasuwarsa na same ta, a wani aiki cikin garin Kazaure, gidan wani malamin kimiyya na sakandare, Malam Nasiru. Kai, ban taɓa ganin mai tambaya irin mutumin nan ba. Ina ƙasa ina fama da marmara, shi yana bakin rami ya leƙo: me ya sa kaza, wa ya ce kaza, ka taɓa gwadawa? Da ya ga na zura fitila sai ya hau murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce abin da wuta take ci a cikin iska shi ne abin da mutum yake shaƙa ya rayu, in ya yi ƙaranci wuta ta mutu, mutum ma ya bi ta. Ya ce duk abin da yake ruɓewa yana fitar da wata iska mai nauyi, ba ta da launi, ba ta tashi sama, sai ta kwanta a rami ta taru yadda ruwa yake taruwa. Na ce Malam, wannan ai zance ne. Bai ji haushi ba. Ya shiga gida ya fito da kanwa da jiƙaƙƙiyar tsamiya, ya haɗa su a kwalba mai faɗin baki, abu ya yi kumfa, ya kunna ashana ya zura, ta mutu nan take. Ya zura wata a kwalbar da ba komai, ta ci abinta har ta kusa ƙona masa yatsa. Ya ce, "Malam Sale, kullum in za ka gwada abu, gwada biyu, ɗaya da abin, ɗaya babu. In ba haka ba kanka kawai za ka ruɗa." Ni kuma na nuna masa yadda ake gane ruwa ya kusa daga sanyin ƙasa a tafin hannu, muka rabu kowa ya ƙaru.

Shi ne kuma ya ja min kunne a kan abin da ku 'yan zamani kuka fi so, wato injin jan ruwa. Ya ce fitilar ma ba komai ta sani ba. Hayaƙin inji in ya cika rami, fitila za ta ci gaba da ci lafiya lau, kai kuwa kanka ya sara, ƙafa ta saki, shi ke nan. Saboda haka inji nesa da bakin rijiya, hayaƙinsa ya kalli wani gefen, kuma ko an kashe shi ba a shiga sai an kore abin da ya bari. Wanda ya sauke inji cikin rami don tiyo ya yi masa gajarta, kada ya ce a wajena ya koya.

Kada ku ce na ce babu aljanu. Akwai su, Allah ya faɗa, ni wane ne. Abin da na ce shi ne an cika ɗora musu laifi, bayin Allah. Guga ya tsinke, aljani. Ruwa ya yi gishiri, aljani. Akwai wani Alhaji a wajen Achilafiya da ya kawo mai duba ruwa da kwakwa, ya ɗora ta a tafin hannu yana yawo a fili, wai inda ta miƙe tsaye nan ruwa yake. Na bi shi a baya ina kallo, sai na lura kullum kwakwar ba ta miƙewa sai a gangare, kusa da baure ko inda ciyawa ta fi kore, wuraren da ni ma da idona zan nuna. Na ce ranka ya daɗe, a ɗaure masa ido da rawani mu gani, tunda kwakwa ce mai gani ba shi ba. Aka ɗaure. Kwakwa ta je ta miƙe a tsakiyar fa, dutse shimfiɗe wanda ko akuya ta san ba ruwa. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, amma fa bai fasa ba mutumin abincin rana ba.

To, bari in zo kan shekarar da ba na mantawa. Damina ta yi gardama, ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ido ba, kafin bazara rijiyoyi sun ja ƙasa, wasu sun ƙafe ƙaf. Makiyaya suna kwana a layin rijiyar shanu. Mu masu sana'a aiki ya yi mana yawa har ba ma iya zagawa, sai kowa ya zama mahaƙi. Duk mai ƙarfi a jika ya ɗaura igiya ya faɗa rijiyar gidansu ya ƙara mata zurfi. A cikin wannan hali mai unguwar wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa ya aiko a kira ni. Ba yasa ba, ba haƙa ba. Wai in zo in cike wata rijiya, don mutanen garin ba wanda zai yarda ya matsa kusa da ita ko da shebur.

A zaurensa ya ba ni labari. Rijiyar a gidan wata tsohuwa take, Iya Hansai mai daddawa, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai ce a gidan. Da rijiyar ta ƙafe sai ta rufe bakin da tsohon kwanon rufi da zana, aka danne da duwatsu don kada wani ya faɗa. Ta yi watanni a rufe. Da wahalar ruwa ta ishe ta sai ta roƙi maƙwabcinta Habu, magidanci mai 'ya'ya, ya taimaka ya yashe mata. Habu ya buɗe, ya sauka, bai kai ƙasa ba aka ji ya saki matakai ya faɗa, ko ihu bai yi ba. Ƙanensa Lawan ya bi shi, Allah ya sa shi da igiya a ƙugu, aka jawo shi a sume. Da ya farfaɗo ya ce wani abu ne ya shaƙe shi, ya danne masa ƙirji, ya rufe masa ido. Habu kuwa da ƙugiya aka fito da shi, Allah ya jiƙansa. Kafin a yi sadakar uku magana ta zaga gari: tsohuwa tana kiwon aljani a rijiya, ita ta miƙa masa Habu. Wani mai tsibbu, Na-Tanko, ya ce ya duba ya gani ƙarara. Aka yanke shawara a cike rijiya, ita kuma ta bar garin kafin kasuwa ta zagayo.

Tun daga zauren gidan na san abu ya lalace, don gidan mai daddawa ne amma babu warin daddawa. Tukwane a kife. Tana zaune a ƙofar ɗaki, kayanta a ƙulle cikin zannuwa a gefenta. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai cikewar?"

Na ce, "Ni ne aka kira, Iya."

Ta ce, "To cike. Ni ma ba na son ganinta. Habu a bayana ya yi wayo, da hannun nan na sha ba shi ɗumame. Amma ka tambayar min su, ina zan je? A ɗakin nan aka kawo ni amarya. Wai in tafi Kanya Babba wajen ɗan ƙanena, wanda rabona da shi tun yana rarrafe. In ce masa me? In ce ga mayya an kawo maka?"

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na tashi na zaga rijiyar. Taku kaɗan daga bakinta ga wani rami inda take zubar da ɓawon kalwa da ruwan wankinta shekara da shekaru, ƙasar wajen ta yi baƙi ta yi laushi. Na koma na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, zan cike. Amma a sana'armu ba a rufe rijiya sai an ga abin da yake ciki. A tara mutane." Ƙarya nake, babu wannan dokar, a nan na ƙirƙire ta.

Mutane suka cika tsakar gida, amma kowa ya manne da katanga. Mata suna leƙe ta bayan zana. Na-Tanko ya zo da ƙaton carbi da kaskon hayaƙi, yana ta cewa shi dai shawararsa a yanka baƙin bunsuru tukuna, kuma ba sai na gaya muku wanda zai tafi da cinyoyin ba. Lawan yana can gefe a tsugune. Na kunna fitila na zura. Tana tafiya tana ci, tana ci, sai harshen ya yi ƙasa, ya yi ja, fut, ta mutu.

Wuri ya kaure. "Ya hure! Wallahi ya hure!" Na-Tanko ya ɗaga carbi sama ya ce, "Kun gani? Masu gida sun ƙi sallama! Ai tun zamanin Malam Ilu kowa ya san wannan." Tabɗi! Na ce a raina, Sale, yau ka ƙara wa tsohuwa kaya. Zancen da maigidana ya shuka don ya hana ƙattai faɗawa rami, ga shi ya girma ya zama shaida a kan baiwar Allah. Na waiwaya na ga Iya ta sunkuyar da kai.

Na ce a dakata. Na ƙulla igiya daidai inda ta tsaya a bakin rijiya, na jawo fitila, na sake kunnawa, na miƙa wa mai unguwa na ce shi ya zura da hannunsa. Ya karɓa ya zura. Ƙullin yana isa baki, fitila ta mutu. Liman ya zura, nan dai ta mutu. Na ce, "Jama'a, wane irin aljani ne wannan da ba ya hawa ba ya sauka, yana tsaye wuri ɗaya kamar an kafa shi?" Na karɓi tocila na kunna na ɗaura na zura, ta wuce ƙulli, ta kai har ƙasa tana haska taɓo. Na ce ga shi bai kashe wannan ba. Na-Tanko ko gezau, ya ce, "Tsohon aljani ne, bai san batir ba." Wasu suka yi dariya, amma wasu suka gyaɗa kai, kuma masu gyaɗa kan sun fi yawa.

Sai na ce a kawo min tulu biyu. Na cika ɗaya da ruwan da aka ɗebo daga nesa, mata suna ta tsaki don ruwa ya yi tsada a lokacin. Na ɗaure shi a wuya, na sa wata igiyar a gindi, na zura har ya wuce ƙulli sosai. Na ja ta gindi ya tuntsure, ruwan ya zube, abin da yake wurin ya shiga ya maye gurbinsa. Na daidaita shi na jawo a hankali, yana fitowa na toshe bakin da tsumma na dire shi a tsakiyar fili. Na ce, "To, ga shi na ɗebo muku." Kai, ka ga gudu! Na-Tanko ya ja da baya har ya taka ƙafar mai unguwa, kaskon hayaƙi ya kife. Na kunna kara na zura a tulun da ba a kai shi ko'ina ba, ya ci abinsa. Na cire tsumma na zura a wancan, ya mutu kamar an tsoma shi a ruwa.

Na ɗauka na gama. Ina! Na-Tanko daga bakin zaure ya ce, "Ai dama suna shiga tulu! Ka ɗebo shi ne, kuma wallahi kanka ka jawo wa." Gaskiya a nan ya fi ni, don abin da na nuna bai rushe zancensa ba. Na tsaya ina sosa ƙeya, sai Malam Nasiru ya faɗo min a rai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a aika gidanka a karɓo kanwa da tsamiya. Gidanka fa, ba na Iya ba, kada a ce nata ne." Aka kawo. Na ce shi da kansa ya daka kanwar ya zuba a tulun nan mai lafiya, wanda kowa ya ga wuta ta ci a cikinsa, ya kwarara ruwan tsamiya a kai. Ya yi. Abu ya hau kumfa yana shuu. Muka ɗan rufe baki, sannan na ba shi kara mai wuta. Ya zura. Ya mutu. Ya sake kunnawa ya zura, ya sake mutuwa. Ya ɗago ya dube ni baki buɗe.

Na ce, "Allah ya ba ka nasara, ashe kai ma kana kiwonsu a gida. To kai wace ƙasar za a kai ka?"

Wata mata ta bayan zana ta ce, "La ilaha illallahu! Ashe kullum aljani muke zubawa a miyar yakuwa!" Nan fa dariya ta ɓarke, har liman sai da ya rufe baki da hannun riga. Na bari ta lafa, sannan na gaya musu abin da aka gaya min, da Hausar da kowa zai gane. Na nuna musu ramin ɓawon kalwa, na ce ruɓar nan ce take tsattsafawa ta ƙasa, ga rijiya a rufe wata da watanni ba ta numfashi, mugunyar iska ta taru ta cika ta har inda ƙullin nan ya nuna. Wanda duk ya sa kansa a ciki, ko waliyyi ne, faɗuwa zai yi. Na ce in ƙarya nake, ku taya ni kore ta, mu ga ko ƙulli zai tsaya inda yake.

Aka saro darbejiya, wani ya kawo tsohuwar lema muka ɗaura ta a buɗe muna zurawa muna fizgowa. Da farko ni kaɗai nake ja, sai mutum ɗaya ya matso, sai wani. Bayan wani lokaci muka zura fitila, ta wuce ƙullin farko kafin ta mutu, muka yi sabon ƙulli. Haka muka yi ta korar abin yana ja da baya, mutane suna ihu duk sanda ƙulli ya ƙara nisa, kamar masu kallon dambe. Muka bar ta a buɗe ta kwana. Washegari fitila ta sauka har ƙasa ta zauna a kan taɓo tana ci.

Na ɗaura igiya a ƙugu, na rataya fitila kusa da ni, don taɓo irin wannan in ka tona shi yakan sake yin amai. Na ce ina son masu riƙe igiya, kuma in suka ga wuta ta yi ƙasa su fizgo ni ko ina zagi. Wanda ya fara zuwa ya kama igiyar Lawan ne. Ya naɗe ta a hannu bai dubi kowa ba. Na sauka. Abin da na tura sama baƙin taɓo ne mai wari da ruɓaɓɓen ɓawon kalwa, bokiti bayan bokiti, kowa ya gani da idonsa. Na toshe gefen da yake tsattsafowa, na sa aka kwashe ramin sharar aka mayar da shi can bayan gida. Da na wuce taɓon na shiga sabuwar ƙasa, sai na ji sanyi a tafin hannu. Ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙarƙashin dagi.

Da na fito ina goge jiki, Lawan ya biyo ni gindin katanga inda ba kowa. Ya ce, "Malam Sale, in tambaye ka tsakani da Allah. Wato da an zura fitila, da Yaya Habu yana nan?"

Na nemi amsa mai laushi na rasa. Na ce, "Lawan, kwana in ya ƙare ya ƙare, wannan ba mai musu. Amma e. Da fitilar ce za ta mutu."

Sannan ya ce, "Akwai fitila a ɗakinsa. Da mai a cikinta. A gabana ya wuce ta ya ɗauki igiya." Hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Wallahi da ma aljanin ne. Aljani ba yadda zan yi da shi."

A ranar na gane me ya sa gari guda ya fi son zancen Na-Tanko a kan nawa, kuma tausayinsu ya kama ni, har shi Na-Tankon na rage jin haushinsa kaɗan. Kaɗan fa.

Da ruwa ya kwanta ya yi garau aka ɗebo guga na farko, mutane suka tsaya ana kallon juna. Lawan ya karɓa ya kafa kai ya sha, ya ɗibi saura a kwano ya je ya durƙusa gaban Iya Hansai ya ce, "Iya, ki yafe mana." Ta karɓa ta sha, ta ce, "Allah ya jiƙan Habu." Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce a kwance wa tsohuwa kayanta, ya faɗe shi kamar dama ra'ayinsa ke nan tun farko. Ba kowa ne ya dawo sayen daddawa nan da nan ba, wasu sai da miyarsu ta yi lami ta ishe su. Na-Tanko kuwa har ya bar duniya yana cewa ni ma da nawa aljanun, nawa ne suka fi na rijiyar ƙarfi. Amma matarsa a gidan Iya take ɗiban ruwa.

Iya Hansai ta ƙara shekaru masu dama. A ɗakin nan da aka kawo ta amarya ta cika, a kan gadonta. Da aka aiko min na je jana'iza, na tarar ana jan ruwan da za a yi mata wanka daga rijiyar, Lawan ne a kan guga, ya hana kowa karɓa.

To, kai mai dariya, ga ashana. Kunna fitilar, ka zura ta a hankali, ina kallo.